Na Sare Tun Ranar Farko: In Sake Fita Ko In Haƙura?

Assalamu alaikum Baba. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, tela ne a nan Maraɗi. Mu huɗu a fadarmu muka ƙulla za mu taka da ƙafa daga Maraɗi har Damagaram, muna kwana a hanya, don mu ga ƙasa mu kuma gwada kanmu. Cikin watan Afrilu muka fita, da niyyar kwana Cadawa ranar farko. Ba mu bar gari ba sai wajen ƙarfe tara saboda sallama da ɗaukar hoto. Na sa sabon takalmin da na saya don tafiyar, a jakata kuma har da ƙaramar tukunyar gas da shinkafa da kayan shayi. Kafin azahar ƙafafuna sun yi bororo, ruwana ya ƙare, kaina na sarawa, har na yi amai. Abokaina suka ce in zauna gindin wani itace in huta, in same su gaba. Suka wuce. Na zauna har la'asar, da na ga ba zan iya ba na tsayar da mota na koma gida. Su ma kwana uku suka yi suka dawo a mota, amma ni kaɗai ake yi wa dariya a fada, har suna aka laƙa mini. Yanzu suna shirin sake fita a Disamba, sun ce in ina da zuciya in zo. Innata ta ce ba da yawunta ba. Ni kuma kunyar nan ta hana ni sakewa. Baba, ni rago ne? In sake fita ko in haƙura? In zan fita, yaya zan yi da ranar farko?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara lafiya.

Tambayarka ta farko zan fara ɗauka, don ita ce ke hana ka barci. Kai ba rago ba ne. Mutumin da ya yini cikin ranar Afrilu, ruwansa ya ƙare, kansa na sarawa har ya kai ga amai, to zafi ya riga ya fara cin ƙarfin jikinsa. A Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan haura digiri 40 a cikin inuwa, balle a bakin kwalta da tsakar rana ga kaya a baya. In aka ci gaba da tafiya a wannan hali, abin da ke biyowa shi ne mutum ya rikice, ya fara sambatu, ya yanke jiki ya faɗi. Wannan matakin yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma yana kisa cikin ƴan sa'o'i in ba a sanyaya jikin mutum an garzaya da shi likita ba. Da ka biye wa kunya ka miƙe ka bi bayansu, Allah kaɗai ya san inda za a tsince ka. Cikin duk abin da ku huɗun kuka yi ran nan, tsayar da motar nan shi ne abin da aka yi da hankali. Ka riƙe wannan ko da fadar gaba ɗaya za ta taru ta ce maka ba haka ba.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa, kai ka faɗe shi a gurguje kamar ba komai ba ne: "Suka wuce." Mutum uku masu lafiya suka bar ɗan'uwansu yana amai a gindin itace, babu ruwa, suka ce ya same su gaba. Ban ce mugaye ba ne. Na fi zaton ba su san haɗarin abin da ke gabansu ba, ga zumuɗin isa Cadawa ya rufe musu ido. Amma rashin sani bai gyara abin ba. A tafiyar ƙasa, da saurin wanda ya fi kowa rauni ake tafiya. In ya tsaya, an tsaya. In komawa ta kama shi, mutum ɗaya ya raka shi har gida. Addini ma bai bar mu a duhu ba a nan: an umarci mutum uku in sun fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, an kuma tsoratar da mu game da tafiyar mutum shi kaɗai. Su kuwa sun mayar da kai matafiyi shi kaɗai, marar lafiya ma. Zan dawo kan wannan, domin amsar fita ko haƙura a nan take rataye.

Yanzu ranar farko. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, waɗanda sukan yi wata da watanni a hanya, ba su yin nisa ranar tashi. Ayari yakan sauka zangon farko kusa da gari. A nan ake ganin igiyar da ta saki, da jakin da kaya ya goge wa baya, da abin da aka manta a aika yaro ya ɗauko, wanda kuma jikinsa ya ƙi ya koma tun gida na kusa. Mutanen da tafiya ce sana'arsu ke nan. Ku kuwa, da ba ku taɓa yini kuna tafiya da kaya ba, kuka ɗora wa kanku sama da kilomita 30 a tashin farko. Mai kaya a baya yana cin kamar kilomita 4 a awa in hanya na da kyau, cikin yashi bai kai haka ba. Ka lissafa da kanka: awa takwas zuwa tara na tafiya zalla, ban da hutu da salla da cin abinci, ga shi ƙarfe tara kuka tashi. Ko da komai ya tafi daidai, duk tsakar ranar a kan hanya za ta same ku, ku shiga Cadawa bayan magariba. Tafiyar nan tun a kan tabarmar fada ta lalace, ranar da aka tsara ta. Shi ya sa waɗanda suka wuce ɗin ma ba su kai ko'ina ba.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita, Tasawa tana wajen tsakiya. Wanda bai saba ba ya ba ta mako biyu, ban da ranakun hutu. Ranar farko kada ta wuce kilomita 10 zuwa 12. Na san yadda wannan zai faɗa a kunnen samari, wani zai ce ai ɗan kabu-kabu ma cikin ƴan mintoci zai kai mu can. Gaskiya ne, kuma kusancin nan shi ake nema. In jaka ta tsinke, in takalmi ya ƙi, in wani ya kasa, gida na nan kusa. Akwai kuma abin da ba ku sani ba tukuna: tsamin jiki ba ranar farko yake nuna kansa ba, sai safiyar kwana na biyu da na uku. Wanda ya zuba duk ƙarfinsa ranar tashi, ranar uku ko sunkuyawa ɗaura takalmi sai ya yi nishi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Rana ta biyu ku ƙara zuwa 15, sai bayan kwana huɗu jiki ya saba ku fara taɓa 18 ko 20.

Zaɓen Disamba daidai ne, wannan kam na yaba musu. Zafi ya sauka, kaka ta wuce, ƙauyuka akwai abinci. Sai dai hunturu na da nasa halin: ƙura, fashewar leɓe, faso a dunduniya, da busasshiyar iska mai shanye gumi tun bai fito fili ba, ta yadda mutum zai bushe bai ji ƙishirwa sosai ba. Sallama da hoto da neman albarka duk a gama su tun daren jajibiri. Ku yi asuba, ku karya da abu mai riƙe ciki, ku fita gari na fara haske. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen bakwai saura, saboda haka in kun ɗaga da wuri, kafin ƙarfe goma kun cinye zangonku har da hutu. Duk awa ɗaya ku tsaya minti goma, ko ba wanda ya gaji. A sauran kwanakin ma, daga sha ɗaya zuwa la'asar inuwa ce wurinku.

Bari in daɗe a kan ƙafa, don ita ta fara kayar da kai. Kai tela ne, yininka a zaune yake kan keke. Tafin ƙafarka ya san feda, bai san hanya ba, fatarsa kuma laushi gare ta. Sai ka haɗa ta da sabon takalmi da bai san siffar ƙafarka ba, ga gumi, ga yashi na shiga. Bororo daga gogayya da danshi yake fitowa, kuma ran nan ka tara su duka. Takalmin nan da ya cuce ka, in bai matse ka ba, shi ne za ka koma wa: ka fara sa shi kullum tun yanzu, zuwa shago, zuwa kasuwa, har ya yi laushi ya bi ƙafarka. In kuwa yatsunka na taɓa gabansa, rabu da shi, domin ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya. Ka sayi wani da yamma, lokacin da ƙafa ta fi cika, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Za ka ga mutanen ƙauye suna yini da takalmin roba ba abin da ya same su. Kada ka kwaikwaye su, kantar shekaru ce a ƙafarsu. Kai sau-ciki da safa za ka sa, silifa kuma ka ajiye ta don zango.

Safa ka riƙe ƙafa uku, kuma ka guji ta auduga zalla, tana riƙe gumi. Da an sauka hutun rana ka cire takalmi, ka kakkaɓe yashi, ka bar ƙafa ta sha iska, ka canza safa, jiƙaƙƙiyar ka maƙala ta a bayan jaka ta bushe. Ka yanke farce kwana biyu kafin tashi. Ga kuma abin da nake so ka haddace. Bororo ba ya zuwa ba sallama. Kafin ya fito za ka ji wani ɗan zafi-zafi a wuri ɗaya, gefen dunduniya ko ƙarƙashin ƙaramin yatsa, kamar an ɗiga maka ruwan ɗumi. In ka cire takalmi a lokacin, ja kawai za ka gani, fatar ba ta tashi ba. Nan take za ka tsaya, ko da minti goma ke nan da tashinku, ko da abokai sun yi tsaki. Ka share wurin, ka manna filasta, ka gyara safar kada ta naɗe. Minti biyar a nan ya fi kwana biyar kana ɗingishi. In har ya riga ya ɗuri ruwa, ƙarami kada ka fasa shi, ka rufe shi kawai. Babba mai hana taku, ka wanke hannu da wurin, ka ƙona bakin allura, ka huda ta gefe ruwan ya fita, ka bar fatar a kai ka rufe. In ya fara ja yana zafi yana fitar da mugunya, wannan na likita ne. Ka riƙe man kaɗanya don faso da kuma tsakanin cinyoyi, inda wando ke goga, wurin da samari ba su son faɗa sai ya saɓule.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in ranar tashi ce ranar da ƙafarka za ta fara ganin hanya. Tun yanzu, sau uku a mako, ka yi tafiyar awa ɗaya bayan asuba kafin ka buɗe shago. Bayan mako biyu ka fara goya jakar da kayanta.

Jakar kuwa, tukunyar gas da shinkafa su zauna gida. Ba hamadar Tenere za ku ratsa ba, babbar hanyar ƙasa ce mai ƙauyuka da kasuwanni, za ku sami fura da ƙosai da shinkafa da wake. Ƙa'idar da masu tafiyar ƙafa ke bi ita ce kaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. In kilo 60 gare ka, jakarka ta tsaya a kilo 12, har da ruwa, kuma kowace lita kilo guda ce. Guzuri mara nauyi muna da shi a gida: ƙuli-ƙuli, aya, dabino, kilishi, garin rogo da sukari. Shayi na san ba za ku bari ba, to buta ɗaya ta ishi mutum huɗu, a raba sauran kayan. Abin da ba za ka rage ba shi ne bargo da rigar sanyi da hula, don sanyin asubar Disamba a fili ba irin na cikin ɗaki ba ne. Sai tabarma mara nauyi, gidan sauro, tocila, rawani ko malfa, da katin shaidarka. Kuɗin motar komawa ka ware su daban, a jikinka, kada a taɓa su ko don mene ne. Sana'arka ma za ta yi maka rana a nan: ka ɗinka wa jakar maɗauri mai faɗi da zai kama ƙugu, ka cusa soso a igiyoyin kafaɗa. In nauyi ya zauna a ƙugu, kafaɗa da wuya sun huta.

Ruwa, kowa ya fita da lita uku nasa na kansa, kuma duk famfon da kuka tarar ku cika ko gorar ba ta yi rabi ba. A zafi, mai tafiya yana iya zubar da kusan lita guda ta gumi a awa ɗaya. Kada ka jira ƙishirwa, ka riƙa kurɓa. Fitsarinka ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi kaɗan ya yi duhu, ruwa ya yi maka ƙaranci. Ka sayi ƙunshin gishiri da sukari irin wanda ake ba masu zawo a kantin magani, in babu ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Ruwan rijiyar da ba ku yarda da ita ba ku tafasa, ko ku jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs ku jira minti 30. Tafki kuwa kada ku sha, kada ku shiga wanka, ta nan ake ɗaukar tsargiya. Wata tambaya da ya kamata ku yi wa juna ba kunya: cikinku akwai mai sikila, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya? Rashin ruwa da sanyi da wahala suna tayar da ciwon sikila. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya ga likita kafin ya sa ƙafa.

A bakin kwalta ku bi gefen hagu, kuna fuskantar motar da ke tahowa, a jere ɗaya bayan ɗaya, ba abin sauraro a kunne. Manyan motocin kaya da bas-bas na hanyar nan ba su da wasa. Rana ta faɗi, tafiya ta ƙare.

Maganar kwana ce inda zan saɓa wa abin da nake zaton kuna hange, wato ku sami fili a daji ku hura wuta ku kwanta. Ɗana, zamanin bai ba da wannan ba. Shekaru ke nan ƙauyukan kudu da yammacin jihar nan, wajen Madarunfa da Gabi da Gidan Rumji da kewayen dajin Baban Rafi, suna fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa. Can kam kada ku dosa da sunan yawo. Hanyar gabas da kuka zaɓa ta fi sauƙi, amma tsoron ya shiga ko'ina. Samari huɗu baƙi da manyan jakunkuna, an ga wutarsu a bayan gari cikin dare, me kake zaton mutanen ƙauyen za su ɗauka? Kafin ku yi bayani abu na iya lalacewa. Saboda haka zangonku a cikin mutane zai kasance. Ku shiga ƙauye da rana tsaka ko kafin la'asar, ku yi sallama, ku nemi gidan mai gari. Shugaban tafiyarku ya yi magana, sauran ku yi shiru: ga sunayenmu, ga unguwarmu a Maraɗi, ga iyayenmu, ga inda za mu, muna neman inda za mu shimfiɗa tabarma zuwa asuba. Ku nuna katinku tun ba a tambaya ba. Ɗan goro ko sukari da ganyen shayi a hannu ba zai yi muku nauyi ba. Mutanenmu har gobe ba su bar baƙo ya kwana a titi, za a nuna muku zaure ko gefen masallaci, sau da yawa har da tuwo. Da safe kuma mai garin nan ne zai gaya muku halin da gaba take ciki da sunan wanda za ku nema a ƙauye na gaba. Shingen jandarma in kun tarar, ku tsaya ku faɗi gaskiyar tafiyarku. Zangon ranar farko ma kada ku bar shi ga sa'a: mako guda kafin tashi, biyu daga cikinku su hau babur su je su gaida mai garin, su ga famfon da idonsu.

Inuwar da za ku sha a hanya, yawancinta ta gawo ce, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya tofo da rani. Gawon nan da sauran itatuwan da za ku gani cikin gonaki wajen Agye ba haka kawai suka tsiro suka girma ba. Manoman jihar nan ne tun cikin shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe suna reno, har ƙasar ta sake yin itace. Kowane ɗaya da mai shi. Kada ku sari reshe don dafa shayi, ku riƙe gawayinku. Wuta kuma a lokacin hunturu, ga kara ga busasshiyar ciyawa ga rumbuna cike da hatsin shekara, ku hura ta inda aka nuna muku kawai, ku kashe ta da ruwa da ƙasa. Kafin ka shimfiɗa tabarma ka share ƙaya da karangiya. Da asuba ka kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama, kada kuma ka fita kewayawa cikin dare ba tocila ba takalmi. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da shi, kada ya taka, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Maganar kasaru ku tambayi malaminku tun a gida, don nisan Damagaram ya zarce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade.

Aikin ranar farko na gaske bayan an sauka yake farawa. Bayan la'asar ku zauna ku huɗu, kowa ya cire takalmi ya nuna ƙafarsa, ba ɓoyo. Kowa ya zazzage jakarsa a kan tabarma. Abin da aka ga nauyi ne kawai, a tara a ba ɗan kabu-kabu ya mayar gida, tun kuɗinsa bai da yawa. A tambayi kowa lita nawa ya sha, ina ke masa ciwo. Daga abin da aka gani a nan ake yanke tsawon tafiyar gobe, ba daga abin da aka faɗa a fada ba.

Sai Inna. Matar nan ta ga an dawo mata da ɗa a galabaice, leɓe a bushe, ƙafa a kumbure, ta kuma ji cewa a gindin itace aka bar shi. In ta ce ba da yawunta ba, tana da hujja. Kada ka yi mata gardama, kada kuma ka saci jiki. Tafiyar ganin ƙasa ba farilla ba ce, yardarta kuwa ka san matsayinta. Abin da za ka yi shi ne ka ba ta abin da za ta gani da ido. Ka fara atisayen safiyar nan, ta riƙa ganin fitarka da dawowarka lafiya. Bayan wata guda ka nemi izininta ka taka zuwa Tibiri, da bai kai kilomita 15 ba, da cikakkiyar jakarka da aboki ɗaya, ku kwana gidan wani da ta sani, ku dawo da ƙafa washegari. Wannan gwajin zai nuna maka halin takalminka da jakarka, ita kuma ya nuna mata cewa wannan karon da shiri. Daga nan ka zauna da ita, in da hali da kawunka ko wani babba da take jin maganarsa, ka lissafa mata ƙauyukan da za ku kwana, ka yi mata alkawarin waya kowace magariba, da alkawarin cewa in jiki ya ƙi za ka hau mota kamar yadda ka yi a baya. In bayan duk wannan ta ce a'a, to ka haƙura da ta bana da zuciya ɗaya. Damagaram ba ta tashi.

In ta yarda, saura abokan. "In kana da zuciya ka zo" ba gayyatar tafiya ba ce, zuga ce, kuma wanda ya fita don ya wanke kansa a idon fada shi ne zai ji ɗumin nan a dunduniya ya ƙi tsayawa, ya ji jiri ya yi shiru. Ina jin tsoron wannan a kanka fiye da rana da kunama. Ka same su su ukun, ba a tsakiyar fada ba, ka gaya musu ba da faɗa ba cewa barin da suka yi maka ran nan zai iya zama ajalinka, ka faɗa musu abin da ciwon kai da aman nan ke nufi. Mai yiwuwa ba wanda ya taɓa gaya musu. Sannan ka kawo sharuɗɗanka: a naɗa shugaba, kuma mafi haƙurinku za a naɗa, ba mafi sauri ba; ranar farko kilomita 12 ne iyaka; a cikin gari ake kwana; in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya, in ɗaya zai koma wani ya raka shi. Ka dubi fuskokinsu lokacin da kake faɗar na ƙarshen. In suka karɓa, har wani ya ce ka yafe mana, to ka sami abokan tafiya, ka fita da su. In suka mayar da shi abin dariya, kada ka bi su ko nan da Tibiri, ka nemi wasu ko da sai baɗi.

Sunan da aka laƙa maka kuwa, kada ka daina zuwa fada saboda shi, kada kuma ka yi fushi in an kira. Ka amsa, ka sha shayinka, ka tashi da wuri don atisayen asuba. In ka yi gwajin Tibiri ka rubuto mini yadda ƙafar ta kwana da kilo nawa jakar ta yi, sai mu zauna mu yanka zangunan daga Cadawa zuwa Tasawa. Ka gaida Inna.